Gyaran wifi a kwamfuta mai Linux mara nauyi

Gyaran wifi a kwamfuta mai Linux mara nauyi shi ne bin sawun dalilin da ya sa na'ura ta ƙi ganin rezo, ko ta gani ta ƙi shiga, ko ta shiga amma ya riƙa katsewa, a kan irin manhajojin nan da ake sa wa tsofaffin kwamfutoci su farfaɗo, kamar Lubuntu da Xubuntu da antiX da Puppy Linux. A nan Damagaram abin ya shafe mu ƙwarai, don da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu sibar da masu buga takardu ƴan gwanjo ne, wasu daga Faransa wasu ta Kano suka shigo, kuma tunda Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, ta bar Windows 7 a 2020, to mai na'urar da RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki a ciki in tana kunne, bai wuce jiga 1 ko 2 ba kusan nan ne kawai mafitarsa.

Su dai waɗannan manhajoji duk a kan Linux aka gina su, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 a Finlan. Puppy ta fito a 2003 daga hannun Barry Kauler na Ostareliya, Lubuntu ta shiga cikin iyalin Ubuntu a hukumance a 2011, antiX kuma daga Debian ta fito. Bambancinsu a maganar wifi shi ne manajan rezo, wato manhajar da ke nuna maka sunayen rezo ka zaɓa ka shiga. Lubuntu da Xubuntu suna amfani da NetworkManager, antiX tana da ConnMan da Ceni, Puppy kuwa nata daban, akwai Frisbee akwai Simple Network Setup. Shi ya sa bayanin da ya yi wa wani aiki a Lubuntu sai ka ga bai yi maka ba a Puppy, ba wai kai ne ba ka iya ba.

Yadda abin yake a ciki

Wifi ba abu guda ba ne, hannu da hannu ne. Akwai katin wifi ɗin kansa a cikin na'ura, akwai direba wanda masu gyara a nan suka fi kira pilot, shi ke sa Linux ta san katin, wasu katunan kuma sai an loda musu wani ƙaramin fayil nasu na kansu, famwaya, kafin su motsa. A sama akwai wpa_supplicant mai kula da kod, sai manajan rezo, sai na'urar da ke raba wifi ɗin ta ba ka lamba, wato adireshin kwamfutarka a kan rezo. Ko ɗaya ya saki shi ke nan babu koneksiyo. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake saurin cewa a yi formate, a goge komai da takardun ɗalibi da hotunansa, alhali in famwaya ce babu ko sau goma ka sake sa manhajar haka za ta dawo.

Maɓalli da kulle

Nan ake farawa don shi ya fi sauƙi. Tsofaffin kwamfutocin cinya da yawa suna da ɗan maɓalli a gefe ko a gaba, ko kuma Fn haɗe da ɗaya daga cikin F1 zuwa F12 mai hoton eriya, kuma yana iya gocewa a cikin jaka mutum bai sani ba. A buɗe taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta umurni, a rubuta rfkill list. In ya nuna Soft blocked: yes to manhaja ce ta kulle, sudo rfkill unblock all zai buɗe. In kuwa Hard blocked: yes ne babu umurnin da zai buɗe shi, sai a nemo maɓallin ko a shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga da an kunna ta kafin manhaja ta tashi, a duba ko an kashe wifi daga can.

Direba da famwaya

A nan ne yawancin wahalar take. lspci -nnk zai nuna sunan katin da direban da ke riƙe da shi, in kile ne, wato ƙaramin katin wifi da ake soka wa a ramin USB, sai a yi lsusb. Sannan sudo dmesg | grep -i firmware zai faɗa maka in katin ya nemi fayil ɗinsa bai samu ba. Katunan Intel masu aiki da iwlwifi da na Atheros masu ath9k galibi ba su da rigima, da an sa manhaja suke tashi. Broadcom ne dai mai ba mutane ciwon kai tun da daɗewa, irin su BCM4311 da BCM4312 da ke cikin tsofaffin Dell da HP da yawa, saboda lasisin kamfanin bai bari a zuba famwayarsu cikin faifan da ake rabawa kyauta ba, sai mutum ya sauko da ita da kansa ta firmware-b43-installer, ko ya sa ɗaya direban da ake kira wl. Kada a haɗa su biyu a lokaci guda, faɗa suke yi a kan kati ɗaya, kuma wl in ya shiga yana toshe b43 ne. Mutane da yawa sun bi shawara uku huɗu a jere daga intanet sun sa wannan sun sa wancan har abin ya cakuɗe, gara a duba lambar katin tukuna a zaɓi ɗaya.

To ga abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai, ana buƙatar intanet kafin a gyara intanet ɗin. Hanyar da ta fi mana sauƙi a nan ita ce waya. A jona salula mai Android da kebul, a shiga saitinta a kunna raba koneksiyo ta USB, Linux za ta ɗauke ta kamar an jona wayar rezo ba tare da an sa komai ba, sai a sauko da abin da ake so. A tabbata dai kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, akwai na caji kawai da yawa a kasuwa, kuma a tabbata akwai forfe. Debian ta rage wannan wahala tun fitowa ta 12 a 2023 da ta fara sa famwaya a cikin faifan girkawa, duk da ta b43 har yanzu sai an sauko da ita.

In kati ya mutu gaba ɗaya ko ya gagara, ƙaramin kile na wifi ya wadatar, amma kafin a biya gara a je da kwamfutar wurin mai kaya a gwada a gabansa, don kile biyu masu kwali iri ɗaya suna iya zama da ciki daban.

Tana gani amma ta ƙi shiga

Kafin a zargi komai a duba allon rubutu. Mu nan muna tsakanin iri biyu, na Faransa AZERTY da na Ingilishi QWERTY, in an girka manhaja da tsarin da ba na na'urar ba sai ka danna a ya fito q, ka danna z ya fito w, lambobi kuma a AZERTY sai an haɗa da Shift. Kod a ɓoye yake fita da ɗige-ɗige, mutum ya rantse daidai ya rubuta kuma da gaskiyarsa. A sa alamar nuna kod a gani da ido, ko a rubuta setxkbmap fr a koma na Faransa. Kod na WPA, wato tsarin tsaron wifi, kuma ba ya kasa haruffa 8.

Sai maganar tsufa. Katin zamanin 802.11g na 2003 mita 2.4 GHz kawai yake ji, to in wayar da ke raba wifi tana kan 5 GHz ko sunanta ba zai gani ba. Haka WPA3 da ya fito a 2018, tsofaffin katuna da yawa ba su san shi ba, a mai da saitin wayar 2.4 GHz da WPA2. Akwai kuma katin da aka saita wa dokar Amurka inda ba a amfani da tashar wifi ta 12 da 13, in na'urar rabawa tana can ba zai gan ta ba, mafi sauƙi a mai da ita tasha 1 ko 6 ko 11.

Ta shiga amma shafi ba ya buɗewa

ip a zai nuna ko an ba ka lamba. In babu, ko ta fara da 169.254, to na'urar rabawa ba ta amsa ba, a kashe ta a kunna. In akwai lamba a gwada ping 8.8.8.8, ya amsa amma shafuka sun ƙi to DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, sai a canja shi a saitin koneksiyo. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne agogo. Ƴar batir ɗin nan CR2032 da ke kan allon uwa in ta mutu kwamfuta sai ta koma wata tsohuwar shekara duk sanda aka kashe ta, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗewa suna kukan takardar shaida, a ɗauka wifi ne alhali kwanan wata ne.

Katsewa da rauni

Mai katsewa bayan ƴan mintoci sau da yawa tsimin batir ne ke sa katin barci. sudo iw dev wlan0 set power_save off zai hana shi, a sa sunan katin da ip a ya nuna don a wasu wlp2s0 ne ba wlan0 ba. Wannan na ɗan lokaci ne, mai ɗorewa a NetworkManager shi ne a sa wifi.powersave = 2 a fayil ɗin saitinsa.

Gini ma na da nasa. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni tana shanye sigina, ƙofar ƙarfe da kwano kuma suna mai da ita baya, mai zaure yana samu na ɗaki bai samu. Sannan ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da Mayu suna sa a riƙa kai kwamfuta a buɗe a busa mata iska, kuma a nan ne wani lokaci ake manta mai da ƴan siraran wayoyin eriya guda biyu da ke maƙale a kan katin, waɗanda suka bi ta cikin murfi har bayan allo. Alamarsa ita ce na'ura na kama rezo in waya na kusa da ita, da an matsa taku biyar ya ɓace.

Masu Puppy su kula da abu ɗaya. Ita a cikin RAM take gudu, in ba a yi fayil ɗin ajiya ba a kashewar farko, ko aka ɗauke wuta batir kuma ba ya riƙewa kafin ta adana, to kod da direban da aka sha wahalar sawa duk sun tafi, gobe sai a sake daga farko. Da wifi ya kama a kashe ta da hannu yadda ya kamata, in ta tambaya a adana a ce mata e.