Ma'anar "murti": ɗan tagullar da ake saukewa kamar baƙo a gidajen Hindu

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san wurin nan. Ɗa ya shiga uku, uwa ta ruga wani lungu na ɗaki, ta kaɗa 'yar ƙararrawa, ta kunna fitila gaban wani ɗan mutum-mutumi mai sheƙi, tana hawaye tana yi masa magana kamar mai jin ta. Mu 'yan kallo da masu yi mana fassara suna ɗaya muka san shi da shi: gunki. Masu abin kuwa murti suke cewa.

Kalmar daga harshen Sanskirit take, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, kuma ma'anarta siffa ko jiki, wato abin da ba shi da kama ya samu kamar da ido zai gani, hannu ya taɓa. Akan ce vigraha ko pratima ma, amma murti ta fi yawo a bakin jama'a. Ni Musulmi ne, hukuncin wannan ibada a addinina sananne ne, ba kuma shi nake neman taɓawa ba. Sai dai "gunki" hukuncinmu take faɗa, ba ta gaya mana abin da matar nan take ganin tana yi ba. Sanin nufin mutum daban, yarda da shi daban, kuma na farkon nake so mu samu a nan.

Abu na farko, a wurinsu ba kowane mutum-mutumi ne abin bauta ba. Wanda ke jere a kanti haja ce, ana tayawa ana ragi, a naɗe shi a tsohuwar jarida. Abin da ke sauya matsayinsa wani biki ne, prana pratishtha, wato zaunar da numfashin rai. Malamin addini yana wanke shi, yana karanta addu'o'i, yana roƙon abin bautar ya sauko ya zauna a ciki, sannan a yi abin da suke kira buɗe ido. Kalmar ta cika kafafen labarai ranar 22 ga Janairun 2024, lokacin da aka yi wa siffar Ram, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, wannan biki a garin Ayodhya na arewacin Indiya, a filin da aka rushe masallacin Babri a 1992. Waccan ta baƙin dutse ce. Na cikin gida yawanci ƙanana ne, na tagulla, wasu ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma iyalai da yawa da gangan ba sa yi musu cikakken bikin, sai 'yar addu'a kawai. Dalilinsu shi ne wanda aka yi wa bikin nauyi ne na kullum: ba a rufe gida a yi tafiya a bar shi ba wanka ba abinci.

Nan ne zuciyar maganar. Ibadar gida, wadda suke kira puja, an gina ta ne a kan karɓar baƙo mai daraja. A cikakken tsarinta hidimomi 16 ne, kuma Bahaushe ba zai sha wuyar gane jerinsu ba: a yi maraba, a ba da wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa da na kurkure baki, a yi wanka, a sa tufafi, a shafa sandal, a kawo furanni da turaren wuta da fitila, a gabatar da abinci, a ƙarshe a yi sallama. Ranar biki wankan da madara ne da kindirmo da man shanu da zuma da sukari, haɗin da suke kira panchamrita. Abincin da aka ajiye gabansa ba zubarwa ake yi ba. Bayan ɗan lokaci a ɗauko a raba wa mutanen gida da maƙwabta, ya zama prasad, ragowar da suke ganin albarka ta shiga.

Ba inda wannan ya fi fitowa fili kamar a wurin Laddu Gopal, siffar abin bautarsu Krishna yana jariri mai rarrafe, da dunƙulen alawa a hannu. A gidaje da yawa na arewacin Indiya ana rainonsa ne kamar autan gida. A tashe shi da safe, a yi masa wanka, a sa masa riga, lokacin sanyi a saƙa masa ta ulu, da dare a kwantar da shi a ɗan gadonsa. Akwai masu ɗaukarsa a kwando idan tafiya ta kama, ko su ba maƙwabta amanarsa. A kasuwa har shagunan kayansa kaɗai akwai, da 'yan rawuna da sarƙoƙi da shillo na bikin haihuwarsa, Janmashtami. Duk abin da mutum zai ce game da aƙidar, wanda ya ga tsohuwa tana gyara wa ɗan tagullar nan wuyan riga ya san ba ado ta ajiye ba.

Sai kalmar darshan, wato gani. Mai ibada ba ya cewa zai je ya yi addu'a kawai, cewa yake zai je ya samu darshan: ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi. Shi ya sa idanun murti suke da girma, a buɗe tar, shi ya sa kuma maƙeri ke barin sassaƙa ido sai a ƙarshen aiki.

To me ya sa tagulla? Wani ɓangaren amsar mai sauƙi ne. Abin da za a jiƙa kullum da ruwa da madara, shekara da shekaru, ba zai yiwu da itace ko yumɓu ba, baƙin ƙarfe kuma tsatsa zai yi. Tagulla dushewa kawai take yi, a goge ta da tsamiya ko lemon tsami da gishiri ta dawo tana walƙiya. Suna kuma ɗaukar jan ƙarfe da danginsa a matsayin masu tsarki. Mafi daraja shi ne haɗin ƙarafa biyar, panchaloha, wanda jan ƙarfe ya fi yawa a ciki, a ɗan ɗiga zinariya da azurfa. A arewa an fi jin ashtadhatu, haɗin takwas.

Na kasuwa masu araha daga garuruwa irin su Moradabad da Aligarh a jihar Uttar Pradesh suke fitowa da yawan gaske. Amma wanda ke son ganin gwaninta sai Swamimalai, ɗan gari a bakin kogin Kaveri a jihar Tamil Nadu, inda maƙeran fari da ake kira sthapati ke bin hanyar da aka gada tun daular Chola ta kudancin Indiya, wajen shekara 1,000 baya. Da kakin zuma suke fara gina siffar, su lulluɓe ta da lallausan yumɓun kogin, su bari ta bushe, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Idan ya huce sai an fasa yumɓun kafin a fitar da shi, don haka ba a samun biyu iri ɗaya sak. Da wannan dabara aka zuba kawunan tagulla na Ife da Benin, ga mai son kwatance na kusa. Maƙerin ba son ransa yake bi ba. Littattafan Shilpa Shastra sun ƙayyade awo, inda ake auna jiki da tsawon fuska, kuma manyan ababen bauta kan samu tsawon fuska goma.

Siffar kanta karatu ce ga wanda ya iya. Tafin hannu a ɗage yana fuskantar mai kallo na nufin kada ka ji tsoro, wanda ya dubi ƙasa kuma kyauta ce. Yawan hannaye alamar yawan iko ne. Ganesha mai kan giwa shi ake fara kira kafin sabon aiki, don ana ganin shi ke kawar da cikas. Lakshmi a kan furen bado ita ce ta arziki, 'yan kasuwa kuma ba sa wasa da ita a bikin fitilu na Diwali.

Kada a ɗauka bakinsu ɗaya a kan abin da ke cikin ƙarfen. Masu bautar Vishnu na kudancin Indiya, 'yan ɗariƙar Sri Vaishnava, sun ce abin bautar ne da kansa ya ƙanƙantar da kai ya sauko domin masu ƙaunarsa su iya yi masa hidima. Masu bin falsafar Advaita, mai cewa asalin komai ɗaya ne, suna ganin murti tsani ne ga zuciyar da ba ta iya riƙe abin da ba shi da siffa. Akwai kuma waɗanda suka ƙi abin ɗungurungum daga cikin gida: ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875 ta ce littattafan Veda, mafi tsufa a addinin, ba su zo da bautar siffa ba, kuma har yau mabiyanta wuta suke kunnawa su yi addu'a, babu murti.

Dokar Indiya ta ɗauki murtin haikali, wato gidan bautarsu, da aka yi wa bikin zaunarwa a matsayin mai haƙƙi, wanda ke iya mallakar dukiya, a kuma shiga kotu da sunansa ta bakin wakili. Shi ya sa satar tsoffin tagullar haikali ke yi musu ciwo fiye da asarar kayan tarihi. A 2014 Ostiraliya ta mayar da wani murtin abin bautarsu Shiva yana rawa, na zamanin Chola, wanda aka sace daga ƙauyen Sripuranthan ya ƙare a gidan adana kayan fasaha na Canberra.

Na gida kuwa ba ya zuwa gidan tarihi. Yana wucewa daga uwa zuwa 'ya ko suruka, har hanci da yatsunsa su shafe saboda yawan guga. Idan ya karye ba a ci gaba da bauta masa, ba a kuma jefa shi a bola. Akan yi masa sallama kamar yadda aka yi masa maraba, a kai shi kogi a nutsar, ko a mayar wa maƙeri ya narkar ya zuba sabo.