Waiwaye: yadda dajin Petén ya shiga hannun mazaunansa

A 1990 gwamnatin Gwatemala ta shata hekta kusan miliyan 2.1 a arewacin lardin Petén ta mayar da su gandun dajin Maya, har da kangon Tikal, tsohon birnin al'ummar Maya, a ciki. Ba a nemi shawarar mazauna ba. Ƙauyukan da suka rayu a kan tatsar ƙaron chicle, wanda ake cingam da shi, suka wayi gari an taƙaita musu noma da saran itace, aka yi ta sa-in-sa da CONAP, hukumar gwamnati mai kula da gandayen daji.

Mafitar ita ce ba wa al'umma hayar daji ta shekara 25. An fara da ƙauyen San Miguel la Palotada a 1994, yarjejeniyar zaman lafiya ta 1996 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar ta ƙara wa tsarin ƙarfi, Carmelita ta samu nata a 1997, Uaxactún a 2000. Ƙasar tana nan ta gwamnati. Ana raba dajin yanki-yanki, a sari zaɓaɓɓun itatuwa a yanki guda kowace shekara, galibi mahogani, dangin maɗaci, ba a komawa wurin sai bayan shekara 25 zuwa 40. Dole a samu shaidar FSC, ƙungiyar duniya mai tantance sarar itace ba tare da lalata daji ba, cikin shekara uku, a kuma share hanyoyin tare gobara kafin rani.

Ganyen xate, wani ɗan tsiro dangin kaba da ake fitarwa don adon furanni, ya nuna inda kuskure yake shiga. Da ana biyan masu yanka ne bisa yawa, sai su kwashe har da ɓatattun ganyaye, a zubar da kaso mai yawa, tsiron ya raunana. Da aka koma biya bisa inganci, ɓarnar ta ragu.

Ba kowace haya ta ɗore ba. An soke ta San Miguel da ta La Colorada bayan an yi ta sayar da filaye ga masu kiwon shanu. Ta Carmelita kuwa an sabunta ta a 2019.

Sai dai sunan Maya da ke kan gandun ya fi amfanar yawon buɗe ido fiye da Mayan da ke raye. Yawancin masu hayar ruwa-biyu ne, wasunsu jikokin matatsa ƙaro. Mayan Itza' na garin San José da kansu suka kafa ƙungiyar Bio-Itzá a 1991, suna kare hekta kusan 3,600 da ilimin magungunan gargajiya, alhali tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu jin harshensu sosai. Mayan Q'eqchi' da suka yi ƙaura daga kudu neman gona kuwa, sau da yawa kallon 'yan kama-wuri-zauna ake musu. A 2017 jami'an tsaro suka tashi ƙauyen Laguna Larga da ke cikin gandun, ɗaruruwan mutane suka koma zama a kan iyakar Mekziko.