Zirga-zirga da Tsarin Sufuri a Birnin Maraɗi

Tsarin sufurin Maraɗi ya ƙunshi hanyoyin birnin da na garuruwan da ke kewaye da shi, da ababen hawan da jama'a ke shiga, da hukumomin da ke shata titi suna kula da shi. Maraɗi ita ce babban birnin jihar Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar, kuma ana kiranta cibiyar kasuwancin ƙasar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 267,249 a cikinta, kuma an raba ta gundumomi uku. Yamai na yamma da ita da kimanin kilomita 660, Damagaram na gabas da kusan 240, iyakar Nijeriya kuwa kimanin kilomita 50 ce kawai ta kudu. Wannan kusanci da iyaka ya fi kowane abu tasiri a kan yadda ake kai da kawo a garin.

Asalin shatar gari

Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 sun kafa mazauninsu ne a cikin fadamar Gulbin Maraɗi, inda akwai ruwa da kurmin fakewa. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, sai Turawan Faransa suka maido da mutane kan tudu. A nan aka shata sabon gari da igiya da ma'auni: tituna miƙaƙƙu masu faɗi suna gicciye juna, filaye murabba'i a tsakaninsu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Maradawa, 'Yandaka da Limanci sun hau tudu da sunayensu. Sabon Gari, Zariya, Burja, Ali Ɗan Sofo da sauransu sun ƙaru ne yayin da garin ke faɗaɗa.

Wannan shata ta bar wa Maraɗi gado mai kyau, domin ba a cika samun lungun da mota ba ta iya shiga ba, saɓanin tsofaffin biranen Hausa masu ganuwa. Sai dai faɗin titi daban, kwalta daban. Akasarin titunan cikin unguwa rairayi ne zalla, don haka kowa yakan tattaru a kan 'yan titunan da aka shimfiɗa wa kwalta ko fale-falen siminti. Cunkoson Maraɗi daga nan yake tasowa, ba daga ƙuncin fili ba.

Gulbi ya tare garin ta yamma, shi ya sa sababbin filaye suka nufi sauran kusurwoyi har suka soma taɓa ƙasar ƙananan hukumomin maƙwabta. Sau da yawa a sababbin unguwanni gini yakan riga titi da magudanar ruwa zuwa.

Manyan hanyoyi

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Ƙonni, Madawa da Gidan Runji, tana ratsa Tsibiri ta iso arewacin Maraɗi, sannan ta zarce Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa har Damagaram da Difa. Daga cikinta wata hanyar ta ɓalle kudu, ta tsaga gari, ta nufi Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Akwai kuma hanyoyin Madarunfa da Dakwaro.

Hanyar kudun nan ita ce jijiyar gari, kuma ita ce matsalarsa. Titi ɗaya ne yake aikin hanyar ƙasa da ƙasa, yake kuma aikin layin kasuwa. Tun zamanin cinikin gyaɗa a shekarun 1950, har zuwa lokacin da alhazan Maraɗi suka koma shigo da kaya ta tashar jiragen ruwan Kwatano da ke ƙasar Benin suna tura su Nijeriya, rumbunan ajiya da shagunan sari a cikin gari suke. Babbar mota kuwa dole ta je inda rumbu yake. Idan tirela ta tsaya sauke shinkafa ko siminti, sai ta cinye rabin titi, 'yan dako su jeru a bayanta, masu amalanke da masu kura su yi cirko-cirko suna jiran lodi, mai babur kuma ya kutsa ta duk kafar da ya gani. A ranakun Litinin da Juma'a, da babbar kasuwa take ci, motocin ƙauye suna ƙaruwa a kan wannan, cike da hatsi, albasa, awaki da fasinja a saman kaya.

Ababen hawa

Babu motocin safa na cikin gari da ke bin layi a kan lokaci kamar yadda ake gani a manyan birane. Sufurin yau da kullum yana hannun kabu-kabu, wato babur ɗin haya, da adaidaita. Kabu-kabu ya yaɗu ne saboda babur yana keta rairayin da taksi ke kafewa a ciki, ga baburan Sin da Indiya masu araha suna shigowa ta Nijeriya, ga matasa birjik masu neman abin yi. Adaidaita, wato babur mai ƙafa uku, ya zo ne daga Kano tare da sunansa. Mata da masu yara da masu ɗan kaya sun fi son sa, kuma iyaye da dama sukan yi yarjejeniyar wata da direba ya riƙa kai yara makaranta yana ɗauko su.

Kuɗin hawa ba a rubuce yake ba. Fasinja yakan faɗi unguwa da wata alama, kamar masallaci ko famfo ko gidan wani sananne, direba ya yanka kuɗi da lissafin dala, wato sefa biyar-biyar, a ɗan yi ciniki kafin a hau. Nisa, zurfin rairayin unguwar da tsadar mai a ranar su ne ma'auni. Da yawa daga cikin matuƙan ba su ne masu abin hawan ba. Akwai adadin da suke kai wa mai shi kowace yamma, abin da ya ragu ne nasu. Gudun da ake kuka da shi da lodin wuce kima suna da nasaba da wannan tsari.

Amalanken jaki da na shanu har yanzu suna ɗaukar yashi, tubali, kara da itace, kuma su ke shigo da kayan lambu daga fadama. Keke da tafiyar ƙasa suna da babban kaso, ko da yake ba a cika tunawa da su wajen zana titi ba: gefen da ya kamata mai tafiya ya bi yakan zama wurin mai shayi, mai faci ko mai tebur.

Tafiya mai nisa kuma ta kasu biyu. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo, STM da Al Izza kowane yana da tasharsa da lokacin tashinsa, galibi da asuba. Ƙananan motoci masu zuwa Katsina, Tasawa, Mayahi ko Madarunfa kuwa sai sun cika suke tashi, 'yan kamasho na kiran fasinja. Garin yana da filin jirgin sama na zirga-zirgar cikin gida.

Mai da iyaka

Shekara da shekaru, babura da motocin Maraɗi sun rayu ne a kan fetur ɗin Nijeriya mai tallafi, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin titi, duk da cewa Nijar ta buɗe matatarta ta SORAZ a jihar Damagaram tun 2011. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manyan motoci sun yi ta zaman jira a hanyar Ɗan Isa, sufurin kaya ya koma kan babura ta ɓarauniyar hanya. A Mayun 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, kwalbar fetur ta yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya bi ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake rufe iyakar, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024. Rufe iyakar Benin kuma ya sa kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Ko ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari ba a Maraɗi aka yanke ta ba, amma kowace ta sauya yawan motocin da ke kan titinta fiye da duk wata dokar da magajin gari zai iya kafawa.

Damina

Tudun da garin ke kai ya gangara ne zuwa gulbi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, titunan da suka miƙe yamma sukan zama ƙoramu, su kwashe rairayi su jibge a kan kwalta, su kuma yanka kwazazzabai a bakin gangare. Magudanan da ke akwai sukan toshe da leda da yashi. Ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya rusa gidaje, ya yi asarar rayuka, ya kuma katse hanyoyi a cikin garin. Saboda haka aikin titi a Maraɗi rabinsa aikin magudana ne. Kwaltar da aka zuba ba tare da an yi wa ruwa hanya ba ba ta cika kai damina da yawa ba.

Hukumomi da ayyuka

Hanyoyin ƙasa suna ƙarƙashin gwamnatin tsakiya, ana gyaransu da asusun kula da hanyoyi wanda kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya ke shiga. Titunan unguwa, tashoshi, rajistar 'yan kabu-kabu da harajinsu na hukumar birni ne. 'Yan sanda ke ba da hannu a cikin gari, jandarmomi a waje, jami'an duwan, wato kwastan, a iyaka, hukumar ANISER kuma tana faɗakarwa a kan kiyaye haɗurra, musamman batun hular kwano da lasisin tuƙi. Ƙungiyoyin direbobi suna da ƙarfin faɗa a ji a tasha.

Babban gyaran da garin ya gani a shekarun baya-bayan nan shi ne shirin Maraɗi Kwalliya, lokacin da Maraɗi ta karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2015. An shimfiɗa sababbin tituna, an gyara shataletale, an kafa fitilu. Yawancin aikin ya tsaya ne a manyan hanyoyin tsakiya, unguwannin gefe ba su samu kaso mai yawa ba.

Layin dogo

A Fabrairun 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dala biliyan 2 na Amurka. Ɗan guntun ƙarshe ne kawai ke cikin Nijar, ƙasar da layinta na Yamai zuwa Dosso bai taɓa yin aikin jigila ba. Idan jirgin ya iso, kayan da zai sauke motoci ne za su kwashe su zuwa Damagaram, Tawa da Agadas, don haka hanyar da za ta haɗa tashar jirgin da hanya mai lamba 1 ita za ta nuna ko tirelolin za su ragu a tsakiyar gari ko za su ƙaru.