Mene ne "indi" a harkar waƙa?

Ranar da ɗan yayata ya ce min shi da abokansa biyu 'yan indi ne, na ɗauka waƙar Indiya suka koma. Ba laifina ba ne, Bahaushen da ya tashi yana kallon fina-finan Indiya da ya ji "indi" Bombai zuciyarsa za ta nufa. Muna zaune ne a ɗan ɗakin da suke ɗaukar waƙa a Unguwar Rogo, nan cikin Jos, an lulluɓe bangon da kwalin ƙwai don kada kukan janareto ya shiga makirufo. Yaron ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Kawu, ina ruwanmu da Indiya? Ba mu da ubangida, shi ke nan."

Amsar tasa ta kusa cika ma'anar. An gutsuro kalmar ne daga independent na Turanci, wato mai cin gashin kansa. Kasuwar waƙa ta duniya tana hannun manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner. Su ke ba mawaƙi kuɗin somin aiki, su biya situdiyo, su yi talla, su kai waƙar gidajen rediyo, amma galibi asalin abin da aka ɗauka ya zama mallakarsu, kuma mawaƙi ba zai ga riba ba sai sun cire kuɗinsu tas. Duk wanda ya fitar da waƙa ba ta hannun waɗannan ba, ko da aljihunsa ko ta wani ƙaramin kamfani, shi ne indi.

A Ingila sunan ya yi ƙarfi. A 1977 wasu samari na Manchesta da ake kira Buzzcocks suka ranto kuɗi wurin dangi da abokai, suka buga faifansu mai waƙa huɗu da kansu. Shekara na zagayowa aka ga ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta, har zuwa 1980 aka ware wa irin waɗannan faya-fayan jadawalin ciniki nasu daban. Da yake yawancin ƙungiyoyin masu jita da ganga ne, kuma sautinsu bai sha kwalliya ba, sai kalmar ta sami ma'ana ta biyu, ta koma sunan salon kiɗa. Daga nan ruɗu ya shigo. Yau za ka ji ana ce wa ƙungiya 'yar indi alhali tana ƙarƙashin Sony. Ita kuwa mawaƙiya Adele, wadda ƙaramin kamfanin XL Recordings ya fitar da ita a Ingila, babu mai kiranta haka. Ni dai ma'anar farko na riƙe, don ita ce ake iya aunawa: wa ya biya, wa ya mallaka.

Kundin situdiyo kuma, wanda zan riƙa ce wa kundi a gaba, ba wani abu ba ne illa tarin sababbin waƙoƙi da aka zauna aka ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti, saɓanin wanda aka naɗa a wurin wasa ko wanda aka tattaro tsofaffin waƙoƙi.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen sharhi. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin talla, alƙalamin masu sharhi ne jarinta. A 2004 wata ƙungiya ta Montiriyal a Kanada, Arcade Fire, ta fitar da kundinta na farko ta hannun Merge, ƙaramin kamfani a Amurka. Mujallar intanet ta Pitchfork ta ba kundin maki 9.7 cikin 10, kafin ka ce kwabo sunansu ya bazu. A 2011 kundinsu na uku, The Suburbs, ya cinye babbar kyautar Grammy ta kundin shekara a gaban Eminem da Lady Gaga da Katy Perry, mutane suka cika intanet da tambayar su waye waɗannan. Ni wannan maki mai ɗigo dariya yake ba ni, don ban ga kunnen da zai raba 9.6 da 9.7 ba. Amma lambar tana tafe ne da dogon rubutu, wanda ke faɗin inda amshi ya zauna, inda baiti ya yi rauni, da kuma ko an ci gaba daga kundin baya. Akwai ma shafin Metacritic da ke tattara makin mujallu daban-daban ya fitar da guda cikin 100. Abin ban dariya, ita kanta Pitchfork ɗin babban kamfanin mujallu na Condé Nast ya saye ta a 2015.

To mu fa? Kamfanin waƙa na Najeriya Chocolate City, wanda aka kafa a 2005 kuma ya fito da 'yan Jos irin su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince, da ƙafarsa ya tashi, sai a 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Warner. Universal kuma ya sayi kaso mafi girma na Mavin, wani kamfanin waƙa na Najeriya, a 2024. Mawaƙin Hausa kuwa, idan da ma'anar farko za a auna, kusan kowa indi ne: shi ke biyan mai haɗa kiɗa, shi ke ɗora waƙa a YouTube da Audiomack, shi ke bin 'yan TikTok su hau. Sai dai ubangida iri-iri ne. Tun da can muna da makaɗan fada irin su Narambaɗa, muna da na jama'a irin su Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda ya waƙe talaka da sana'arsa. Wanda ɗan siyasa ke biya wa kuɗin situdiyo, ko da bai taɓa sa hannu a wata takarda ba, da wuya in ce yana cin gashin kansa.

Abin da muka rasa shi ne mai sharhi. A nan idan waƙa ta fita, ko dai a jera mata hoton wuta a Facebook, ko a zage ta. Wanda ya ce baiti na biyu bai kai na farko ba, an gama da shi, ɗan hassada ne.

Kafin in tashi, ɗan yayar tawa ya miƙo min abin sawa a kunne ya ce, "To Kawu, waƙa tara ce, ka ba mu maki." Na saurara har ƙarshe. Na ce a ta huɗu kiɗa ya danne murya, ban ji rabin abin da yake faɗa ba, ta bakwai kuma maimaicin ta biyu ce. Ya yi shiru, ya ɓata rai. Can sai na ji yana ce wa mai haɗa kiɗan ya buɗo ta huɗu.