Lalacewar Hanyoyin Asetilkolin da Tasirinta ga Ɓawon Ƙwaƙwalwar Ɓera

Asetilkolin sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Mafi yawan wanda ke isa ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera yana fitowa ne daga wani gungun ƙwayoyin jijiya da ke gindin ƙwaƙwalwa ta gaba, wato nukiliyas basalis, takwaran cibiyar Meynert ta ɗan Adam. An mai da hankali kan wannan gungu bayan 1976, lokacin da aka gano cewa inzayim ɗin ChAT, mai haɗa asetilkolin, yana raguwa ƙwarai a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer.

Domin gano aikin wannan gungu, masu bincike kan lalata shi da gangan a ƙwaƙwalwar ɓera. Da farko ana zuba gubar ibotenik ko kwiskwalik cikin gungun da siririyar allura, bayan an sa wa ɓeran maganin barci an kafe kansa a na'ura. Matsalar ita ce waɗannan gubobi ba sa zaɓe, suna kashe har ƙwayoyin da ke maƙwabtaka. Shi ya sa ibotenik ke jawo mantuwa fiye da kwiskwalik, alhali kwiskwalik ce ta fi rage ChAT a ɓawon. Ashe ba rashin asetilkolin kaɗai ake aunawa ba.

A 1991 aka fito da wata guba mai zaɓe, 192 IgG-saporin. Tana manne wa mai karɓar saƙo p75, wanda ƙwayoyin asetilkolin na wannan yanki ke ɗauke da shi, ta shige ciki ta tsayar da haɗa furotin, ƙwayar ta mutu cikin kwanaki. Ita ma da nata aibin: idan aka zuba ta cikin ruwan ƙwaƙwalwa takan kashe ƙwayoyin jijiya na Purkinje da ke serebelam (sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi), sannan ba ta taɓa zaren asetilkolin da ke zuwa amigdala (sashen da ya shafi tsoro).

Bayan lalatawar, zaruruwan asetilkolin kan ɓace daga ɓawon, igiyoyin lantarkinsa su karkata ga masu tafiya a hankali irin na gyangyaɗi. ChAT ba ya ƙarewa ƙurmus, domin ɓawon ɓera na da 'yan ƙwayoyinsa masu yin sa.

Abin da ya fi taɓuwa shi ne natsuwa. A gwajin ramuka 5, inda haske ke ƙyaftawa a rami guda, ɓeran yakan yawaita kuskure, amma a tafkin Morris, inda yake iyo yana neman ɓoyayyen dandamali, yakan tuna inda dandamalin yake kusan kamar lafiyayye. Haka kuma ɓawon yakan kasa sake tsara taswirarsa: ɓeran da aka koya wa miƙa hannu ya ɗauko abinci, yankin ɓawon da ke sarrafa hannun ba ya faɗaɗa yadda ya saba.