Me ake nufi da G1P[8] a maganar rotabairos, kuma me ya haɗa gudawa da jijjiga?

Duk wanda ya taɓa duba rahoton likitoci kan gudawar yara zai ci karo da wasu haruffa da lambobi kamar G1P[8] ko G2P[4]. Sunayen nau'o'in rotabairos ne, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen jawo amai da gudawa mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a birnin Melbon na Ostireliya a 1973. Sunan kuwa daga kalmar Latin "rota" ya fito, wato taya, don haka siffarta take a ƙarƙashin madubin likita.

Ƙwayar tana sanye da riga, kuma a jikin rigar akwai sinadarai biyu da garkuwar jiki ke gane ta da su. Ɗaya shi ake wa laƙabi da G, ɗayan kuma P. Lambar da ke bin kowane harafi ita ke faɗin irinsa. Waɗanda aka fi samu a duniya su ne G1P[8], G2P[4], G3P[8], G4P[8], G9P[8] da G12P[8]. Kayan gadon ƙwayar, wato bayanan halittarta da sabbin ƙwayoyi ke gada, a gutsure 11 suke, saboda haka idan nau'i biyu suka haɗu a hanjin yaro ɗaya, sai su yi musayar gutsure, sabon haɗi ya fito. Shi ya sa nau'in da ya yi yawa bana kan iya ja baya baɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa sun ɗauka cutar a hanji kaɗai take tsayawa. Akwai yaran da ke yin jijjiga a kwana na biyu zuwa na huɗu da fara gudawa, alhali jikinsu ba zafi, ruwan jikinsu bai ƙare ba, gishiri da sukarin jininsu kuma daidai suke. Wani likita a Japan, Morooka, shi ya fara bayyana wannan a 1982. Yawanci yara ne daga wata shida zuwa shekara uku, jijjigar gajera ce, amma takan maimaitu sau da dama a yini guda. Ganinta yana ɗaga hankalin iyaye ƙwarai, sai dai mafi yawan yaran suna warkewa sumul, ba ta zame musu farfaɗiya. Kaɗan ne lamarin kan kai su ga kumburin ƙwaƙwalwa, yaro ya riƙa yawan barci, ko ya daina magana, ko tafiyarsa ta zama tangal-tangal. An ga irin waɗannan matsaloli tare da nau'o'i daban-daban, har da G1P[8] da a da ya fi kowanne yaɗuwa.

Don haka jijjiga a lokacin gudawa ta asibiti ce, ba ta jira. Zazzaɓi, faɗuwar sukari, rikicewar gishirin jini ko sanƙarau duk suna iya kawo ta, kuma gwaji ne kawai zai bambance. Kafin a isa, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa komai a baki.

Amfanin sanin nau'o'in ya fi fitowa a rigakafi. Rigakafin da ake kira Rotarix daga G1P[8] kaɗai aka yi shi, sau biyu ake ɗiga shi a baki, wanda ake kira RotaTeq kuma nau'i biyar ya haɗa, sau uku ake ɗiga shi. Duk da haka kowannensu yana kare yaro daga gudawa mai tsanani ta wasu nau'o'in da ba sa cikinsa. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe su saka shi cikin rigakafin jarirai, kuma bincike a Amurka ya nuna yaran da aka ɗiga wa sun fi ƙarancin zuwa asibiti saboda jijjiga, da kusan kashi 20 cikin 100.