Ƙyallin Dalma Ba Shi Ne Inganci Ba

A Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta da ke Ikeja a Legas, sau nawa ka ga ɗan uwanmu ya karɓi fanel ɗin waya, ya ɗaga shi sama yana cewa, "Malam, ai wannan liƙin ya dushe, jabu ne"? An daɗe ana wannan kuskure.

A da maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin haɗin kuza da dalma da ake liƙin da shi, mai narkewa a digiri 183 na ma'aunin Celsius, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Amma tun 2006 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, kamfanoni suka koma haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe. Shi kuwa sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, in ya huce fuskarsa a dushe take, kuma lafiyarsa ƙalau.

Ma'aunin IPC-A-610, wanda ake duba ingancin haɗin kayan lantarki da shi, ya kasa kayan lantarki aji uku: na yau da kullum, masu dogon aiki irin kwamfuta, da waɗanda rai ya rataya a kansu, kamar na'urorin asibiti. Abin da yake dubawa shi ne ko liƙin ya malale ya rungumi ƙafar kayan. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallon goruba, ko yana walƙiya, a sake shi.